Titin Legas zuwa Kalaba: kowa na lissafin naira, ba mai lissafin taɓo

Tun watan Maris na 2024, da katafilolin kamfanin Hitech suka fara turza ƙasa a bakin tekun Legas, nake bin muhawarar titin nan na gaɓar teku da aka ce zai miƙe kilomita kusan 700 har Kalaba. Babu kalar maganar da ban ji ba. An yi rigima kan naira tiriliyan 15 da aka ce zai lashe, an yi kan yadda aka ba da kwangilar, an yi kan rusau ɗin da ya ci wani ɓangare na wurin shaƙatawar Landmark. Atiku ya yi magana, Peter Obi ya yi, ministan ayyuka David Umahi ya mayar wa kowa da martani. Mu ma nan Arewa mun ɗauki namu kason: me ya sa Kudu, ina namu? Da aka nuna mana titin Sakkwato zuwa Badagry sai muka ɗan sassauta murya.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bai kai waɗannan girma ba. A majalisarmu ta bayan la'asar na ce ni damuwata dajin ruwan da titin zai ratsa, sai wani dattijo da nake ganin girmansa, mutumin da ya yi shekaru yana aikin gwamnati, ya dube ni ya ce, "Haba Malam, taɓo ne fa da sauro. Ai in an cike shi da yashi an taimake su." Aka yi dariya, aka koma maganar farashin siminti. Na dawo gida maganar tana cina, domin na san ba ra'ayinsa ba ne shi kaɗai. Shi dai ya faɗa a fili, amma shi ne ra'ayin da ke zaune a ofisoshin Abuja cikin kwat da babbar riga: duk inda ba a iya dasa harsashin gini, wurin banza ne.

Ba na adawa da titi. Duk wanda ya taɓa kwana a mota a hanyar Fatakwal zuwa Warri ba zai ce mutanen yankin ba su cancanci hanya mai kyau ba. Maganata a kan abin da ke ƙarƙashin titin ne, da yadda muke kiransa da sunan da ba nasa ba.

A Oron ta jihar Akwa Ibom na yi bautar ƙasa, a bakin inda kogin Kuros Riba yake buɗe baki ya haɗu da teku. Ni ɗan tudu ne, ruwan da na sani shi ne na kududdufi da na madatsa, wanda in ya tsaya ya tsaya. Ranar farko da wani masunci ya ɗauke ni a kwale-kwale muka shiga ɗaya daga cikin ƙananan rafukan nan, ruwa ya cika har wuyan itatuwa, ban ga komai ba sai ganye. Da muka juyo bayan sa'o'i, sai na ɗauka mun ɓata hanya. Ruwan ya janye, itatuwan sun tsaya a kan saiwoyi dogaye, kamar mutane sun tattare riguna za su ƙetare rafi. Kowace saiwa ta yi damɓa-damɓa da kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci. A kan taɓon, wasu kifaye masu idanu a tsakar ka irin na kwaɗo suna tsalle suna bin juna, a waje da ruwa, ba su damu ba. Ga kaguwa dubbai, namijin da hannu ɗaya ƙato ɗaya ƙarami, yana ɗaga babban yana jujjuyawa kamar ɗan dambe ya ɗaure hannu ya shigo fage yana neman abokin karawa. Mata sun nutsa har gwiwa suna tsintar ƙananan dodon koɗin da ba a miya a can sai da shi. Warin wurin kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ban musa ba, sauro kuma akwai shi na Allah ya isa. Amma ban taɓa ganin gona mai cikar wannan taɓon ba, kuma ba wanda ya yi mata huɗa ko ya zuba mata taki.

Itacen shi ne Turawa ke kira mangurof, kuma Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawansa. Sirrinsa guda ne: yana rayuwa a inda ruwan daɗi na kogi yake gauraya da ruwan gishiri na teku, inda sauran itatuwa ba sa kai labari. Teku takan kawo sau biyu a kwana guda, ta janye sau biyu. In ta kawo, ta shigo da ƙwai da 'ya'yan kifi cikin saiwoyin, inda manyan kifaye ba sa iya kutsawa su cinye su. In ta janye, ta wanke gishirin da ya taru, ta ba saiwoyin damar shan iska, domin taɓon kansa ba iska a cikinsa. Ganyen da ya faɗo kaguwa ce ke yayyaga shi, ya ruɓe ya zama abincin jatan lande da ƙananan kifaye, su kuma su zama abincin manya. Ko 'ya'yan itacen ba irin na sauran ba ne. Tun suna jikin uwa suke tsirowa, su yi tsawo kamar kuɓewar da ta wuce lokacin tsinka, sannan su faɗo su cake a taɓo, ko ruwa ya tafi da su wani lungun su kafu. Kifaye da yawa da ake kamawa can tsakiyar teku a nan suka yi yarinta. Wurin gidan reno ne, kuma duk abin da ke gudana a cikinsa ya rataya ne a kan shigar ruwa da fitarsa.

To a nan ne titin ya shigo. Hanya biyu ake bi a ratsa irin wannan wuri. Ko a ɗora titi a kan ginshiƙai ruwa ya ci gaba da kai-komo a ƙarƙashi, wanda tsadarsa ba kaɗan ba, ko a kwaso yashi a cike, a ɗaga ganuwa, a shimfiɗa kankare a kai, a bar 'yan kwalbatoci nan da can. Ta biyun ta fi araha, ita ce kuma ɗan kwangila ke so. Amma titin da aka ɗora a kan yashi madatsa ce, ko da ba a kira ta da sunan ba. Gefe guda ruwa ya kwanta ya kasa fita, saiwoyi su shaƙe. Ɗaya gefen ruwan daɗi ya daina isowa, rana ta ƙafar da na gishirin, ƙasa ta yi kanwa. Itatuwan da katafila ta tumɓuke a kan layin titin su ne ƙaramar asara, su ake gani a hoto. Babbar asarar tana zuwa ne a hankali, shekara biyar, shekara goma, nesa da kwalta, lokacin da wanda ya yanke ƙyallen buɗe titin ya daɗe da barin kujera.

Ba hasashe nake yi ba. A ƙasar Kolombiya, tsakanin 1956 da 1960, an gina titi a bakin teku daga Barranquilla zuwa Ciénaga, ya toshe mashigan da ke haɗa wata babbar fadama da teku. Wasu ayyukan suka ƙara tare ruwan kogin Magdalena daga ɗaya ɓangaren. Kafin tsakiyar shekarun 1990 fiye da rabin dajin mangurof ɗin wurin ya bushe a tsaye, fararen kututture iya ganinka, kifi ya yi ta mutuwa, ƙauyukan masunta suka talauce. Sai da gwamnati ta dawo ta ci bashi tana haƙa magudanai don mayar da ruwan da ta tare da hannunta, kuma har yau wurin bai koma yadda yake ba.

Amma me zai kai ni Kolombiya alhali ga Haɗejiya? Bahaushen da zai ce bai gane wannan magana ba, bai taɓa zama da mutumin Guri ko Nguru ba. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, duk da kyakkyawar niyya, don noman rani da ruwan shan Kano. Abin da ba a lissafa ba shi ne fadamar Haɗejiya da Nguru da ke ƙasa da madatsun ta dogara ne da ambaliyar damina da bushewar rani, ruwa ya zo ya tafi. Da aka mayar da kogin mai gudu ɗaya duk shekara, sai ciyawar kachalla ta samu wurin zama. Ta toshe magudanai, ta cinye gonakin shinkafa, ta hana kwale-kwale wucewa, ta zama masaukin jan-baki da ke sauka a kan gero kamar hadari. Masana tattalin arzikin da suka zauna suka auna a shekarun 1990 sun gano cewa ruwan ya fi kawo riba nesa ba kusa ba in an bar shi ya malala a fadamar, tsakanin masunci da manomi da makiyayi, fiye da in an juya shi gonakin noman rani na Kano. An karanta rahoton an ajiye. Yau ana kashe miliyoyi wajen sayen injinan yanke ciyawar da mu muka gayyato ta.

Gaɓar tekun ma tana da tata kachallar, kuma labarinta ya fi ban haushi. A 1906 Turawan mulkin mallaka suka kawo wani irin kaba na ruwa daga Singafo, ana kiransa nipa, suka dasa a Kalaba wai don ya hana zaizayar ƙasa. Daga baya aka kai shi Oron. Shi ba ya da saiwoyin nan na sama da kifi ke fakewa, kawa ba ta samun inda za ta maƙale, mata ba sa tsintar komai a ƙarƙashinsa. 'Ya'yansa suna yawo a kan ruwa, duk inda aka sare mangurof ko ya mutu, shi ne ke riga kowa isa. Ya bazu yamma, ya mamaye rafukan Ribas. Masuncin da ya ɗauke ni a kwale-kwale, duk inda muka iso kan nipa sai ya tsuke baki ya ƙara wa filafili ƙarfi, ko ƙugiya ba ya jefawa. Ka tsaga layi mai faɗi a cikin dajin nan, ka dagula ruwansa, ka share wa nipa hanya ke nan, ba ka buƙatar ka dasa ko ɗaya.

Masu cewa in an lalata za a gyara, su je Bodo a ƙasar Ogoni su yi wannan maganar. Bututun Shell ya fashe sau biyu a can tsakanin 2008 da 2009, mai ya yi makonni yana kwarara cikin rafuka. Sai a watan Janairun 2015, bayan shari'a a Landan, kamfanin ya yarda ya biya fam miliyan 55. Masunta 15,600 suka raba miliyan 35, kowa ya tashi da fam dubu biyu da 'yan kai, kuɗin sana'ar da ya gada kaka da kakanni ke nan. Rahoton hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na watan Agustan 2011 ya ce tsabtace Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, kuma ya nemi dala biliyan 1 don shekaru biyar na farko kawai. An ƙaddamar da aikin a 2016. Ana nan ana dasa 'ya'yan mangurof ɗaya bayan ɗaya da hannu, a wurin da a da Allah ke dasawa kyauta. Wannan fa wani ɗan yanki ne na jiha guda. Titin da ake magana zai bi ta jihohi tara.

Na san abin da za a ce. Za a ce ai mutanen wurin ma suna sare itacen su yi bandar kifi, ga masu tace ɗanyen mai ta ɓarauniyar hanya suna zuba dagwalo a ruwa. Gaskiya ne, amma matar da ke sarar ice da adda ba ta taɓa tare wa teku hanya ba, kuma laifin ɓarawo bai zama lasisin gwamnati ba. Za a ce Turawa sun cike nasu fadamun sun ci gaba, yanzu suna so su hana mu. Wannan magana ce mai daɗin faɗa a rediyo, sai dai ba Bature ba ne zai rasa kifin miya. Masu cewa za a dasa itatuwa a madadin waɗanda aka sare kuwa, mun san wannan bikin: a kafa rumfa, a ba gwamna shebur, a ɗauki hoto, akuya ta ƙarasa aikin. Mangurof ba ya kamawa a inda ruwa ba ya kai-komo, ko miliyan nawa aka caka.

Dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli tana nan tun 1992, kuma abin da ta ce a fili yake: a auna tukuna, sannan a fara. Masu rajin kare muhalli sun yi ta kukan cewa a wannan aikin katafila ta riga rahoton isa wurin. Ni abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne yadda ake yanka titin gunduwa-gunduwa, kashi na ɗaya kilomita 47, kashi na biyu kaza, na Kalaba da Akwa Ibom daban, kowanne da takardarsa. Ruwa bai san kashi-kashi ba. Rafin da aka toshe a wata jiha, kifin wata jihar ne zai ragu. In ka duba kowane yanki shi kaɗai, illar za ta fito 'yar kaɗan, a sa hannu a wuce. Haka ake cinye giwa ba wanda ya ga an yanka ta.

Wanda ya ce wannan matsalar 'yan Kudu ce, ya leƙa tukunyar gidansa. Busasshen jatan landen da ake kira kirefish, wanda yanzu ba amaryar da ke dafa taliya ba shi, daga ina yake zuwa? Daga Oron da maƙwabtanta, a buhuna, kuma Hausawa na cikin masu safararsa. Je unguwar Bogobiri a Kalaba ka ga ko mu baƙi ne a wannan gaɓa. Najeriya na buƙatar kifi fiye da tan miliyan 3 a shekara, abin da muke kamawa da wanda muke kiwo bai kai rabin haka ba, sauran da dala ake sayo shi a ƙanƙara daga ƙasashen waje. Ƙasar da ke wannan hali ita ce za ta zuba yashi a gidan renon kifinta, ta kira abin ci gaba.

Ruwan da ke raya dajin ma namu ne. Kwara ce da Binuwai, da duk abin da Rima da Kaduna da Gongola suka zuba musu, suka haɗu a Lakwaja suka gangara suka rarrabu. Taɓon da dattijon majalisarmu ya raina, ƙasar Arewa ce ruwa ya kwasa ya kai can, da ita aka gina Neja Delta ɗungurungum. Tun da aka gama Kainji a 1968, aka bi da Jebba da Shiroro, wani kaso na wannan laka yana kwanciya ne a bayan madatsu, gaɓar ba ta samun abin da take samu a da don ta rama abin da teku ke ci. Mun sha wutar lantarkin, ba mu tambayi wa ya biya ba. Har dabba muna da ta tarayya. Ayu, wanda masu magani ke yawo da mansa a kwalba suna rantsuwa na gaske ne, yana kiwo a Binuwai, yana kiwo a rafukan bakin teku, kuma yana cikin dabbobin da ake fargabar ƙarewarsu. A bayan mangurof, cikin kurmin fadamar Bayelsa, akwai wani jan biri da masana ba su san da shi ba sai a 1993, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai nan. A yashin Akassa kunkurun teku ke fitowa da dare ya haƙa rami ya yi ƙwai. Ba na sa ran wani minista zai karkatar da titi saboda biri, na daɗe da girma. Amma a ce ba a san suna nan ba, wannan kam abin kunya ne.

Ko don son kai ma ya kamata masu titin su yi tunani. Garin Ayetoro a ƙasar Ilaje ta jihar Ondo, wanda aka kafa a 1947, teku ta riga ta haɗiye babban ɓangarensa, gidaje da makarantu, mutane suna ja da baya shekara bayan shekara, kwangilolin kare gaɓar da aka bayar kuma ba su tsinana komai ba. Ta wannan yankin titin zai bi. Saiwoyin mangurof su ne ke karya ƙarfin igiyar ruwa, su riƙe laka, ƙasa ta dinga tashi a hankali. Ka kashe su ka shimfiɗa kankare na tiriliyoyi a bayansu, ka rushe katangar gida ke nan don ka samu tubalin gina ɗaki. Nan da shekara ashirin za a dawo majalisa da sabuwar buƙata, ta gina bangon duwatsu don kare titin daga teku, kuma kada ka yi mamaki in masu cin kwangilar farko su ne za su ci ta biyu.

A 2023 aka ƙirƙiro ma'aikata guda sukutum ta harkokin teku da tattalin arzikinta, aka ba Adegboyega Oyetola. Ku saurari jawabansu: tashoshin jiragen ruwa, kwantena, kuɗin shiga. Tattalin arzikin teku na gaskiya, wanda ke ciyar da miliyoyin mutane yau ɗin nan ba tare da ko kwabo na kasafin kuɗi ba, yana cikin taɓon da wata ma'aikatar ke shirin cikewa, kuma ban ji ma'aikatar teku ta ɗaga murya ba. Sanatocinmu na Arewa da suka iya tada jijiyar wuya kan rabon ayyuka, ba wanda ya tambayi kilomita nawa ne za a ɗora a kan gada, nawa a kan yashi. Tambaya ce ta minti ɗaya.

Ba abu mai wuya nake nema ba. A fito da taswirar layin gaba ɗaya, daga Legas har Kalaba, kowa ya gani. Inda zai ratsa rafukan Delta da Bayelsa da Ribas, ko a ja shi tudu, ko a ɗora shi a kan ginshiƙai, in kuɗin bai isa ba a jira ya isa. A zauna da masuntan da suka san ta inda ruwa ke shiga da ta inda yake fita, ba sarakunan da za a kira otal a raba musu ambulan ba. Mafi yawan dajin yana tsakiyar hanya ne, inda aikin bai kai ba tukuna. A Legas yashi ya riga ya sauka, a Kalaba da Akwa Ibom an fara share daji tun 2025, kuma ɓangarorin biyu tsakiyar suka nufa.